Katako Shida na Baba Zarto

Benci arba'in da biyu ne a cocin, kuma duk hannun mutum ɗaya ne ya yi su. Wanda bai yarda ba ya kifa kowanne ya duba cikinsa, zai ga an ƙarta haƙoran zarto uku da bakin ƙusa. Alamar Baba Zarto ke nan. Ban da bencunan akwai mumbari, da teburin Jibin Ubangiji inda ake ɗora gurasa da ruwan inabi, da ƙofofi biyar, da tagogi goma sha huɗu. Akwatunan gawa kuwa ƙasa ta rufe su, shi kaɗai ya san adadinsu.

Maraya ya taso. Tun bai kai tsawon teburin aiki ba kawunsa ya damƙa shi a hannun wani tsohon kafinta mai kurman kunne ɗaya da saurin hannu. A nan ya koyi awo, ya koyi yanka, ya koyi riƙe ƙusa biyar a baki yana magana. Dokar da ta fi zama masa a ka ita ce ta ƙwaron katako. Wannan ƙwaro ba a ganinsa. Abin da ake gani ƙananan huji ne kamar na allura, da wani gari mai laushi da ke zuba a ƙasa. Daga waje katakon yana nan kamar lafiyayye, ciki kuwa an cinye shi. Tsohon ya ce katako mai ƙwaro ba ya kwana a shago, wuta ake sa masa a ranar, domin in ya kwana sai ya raba wa maƙwabtansa. Sau ɗaya yaron ya ɓoye wani guntu don ya sassaƙa motar wasa. Dukan da ya sha, har ya tsufa in ya tuna sai ya shafa ƙeya.

Ya buɗe shagonsa, ya yi aure, matar ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. A cikin garin katako ya rene ta, kowa 'Yar Baba yake ce mata. Ta girma da murya mai daɗi, tana sahun gaba a ƙungiyar mawaƙan coci.

Tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa, shagon Tela yake. Aminai ne tun suna samari, a kwano ɗaya suke cin abincin rana. In an yi rasuwa Baba Zarto ya haɗa akwati, Tela ya ɗinka farin yadin da ake shimfiɗawa a ciki.

"Kai ne za ka riga ni," in ji Tela. "Garin katako ya gama da huhunka."

"Ka kwantar da hankalinka. Na riga na auna ka da ido. Gajere ne kai, ba za ka ci mini katako ba."

Da aka zaɓi Tela cikin dattawan coci, Baba Zarto ne ya fara ɗaga masa hannu.

Sai 'Yar Baba ta yi ciki. Ba ta ɓoye mai shi ba, ta ce ɗan Tela ne. Unguwa duk ta san haka, don kowace yamma yaron yana jingine a bakin shagon yana yi mata surutu. Amma da majalisar dattawa ta zauna, Tela ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya ce, "A gaban Allah da gabanku, ɗana ba ya garin nan a lokacin da ake magana." Dattijo ne, aka karɓi maganarsa. Kafin mako ya zagayo ya tura yaron wurin dangi a wani gari mai nisa.

A cocin nan, wanda aka sa a horo bencin ƙarshe yake zama, na bakin ƙofa. Ba ya waƙa da mawaƙa, ba ya cin Jibin Ubangiji, sai ranar da dattawa suka ga ya tuba suka ɗage masa. A kan wannan benci 'Yar Baba ta zauna ita kaɗai, cikinta yana girma, mutane suna wuce ta suna kau da kai. Uban ne ya yi bencin da hannunsa. Ba a kai ga ɗage horon ba ta mutu a wurin haihuwa, ta bar jaririya.

Tela ya aiko da farin yadi. Baba Zarto ya tsallaka titi da shi, ya jefa a kwata a gaban shagon, ya taka da ƙafa, ya dawo. Daga ranar bai ƙara ce masa uffan ba. In aka zo zagayawa da Jibin Ubangiji sai ya harɗe hannu, faranti ya wuce. Ya san koyarwar sarai: mai riƙe da ɗan'uwansa a zuci ya fara zuwa ya shirya da shi kafin ya miƙa hannu. Bai shirya ba, bai kuwa yi niyya ba.

A cikin wannan shekarar aka kawo masa lodin katako talatin, ya duba ya ga huji, ya ga gari. Ya fito da su bayan shago ya cinna wuta. Ashirin da huɗu suka ƙone. Shida ya ja gefe, ya tsaya yana kallonsu, ya auna tsawonsu da ido. Daidai gajeren mutum. Ya ɗauke su ya kai ɗakin ajiya, ya ɗora a kan katakon rufi, ya lulluɓe da tsohon buhu.

Shirinsa ba shi da wuya. Duk mutumin cocin da ya mutu, a shagonsa ake yin akwatinsa. Mutum shida ke ɗauka a kafaɗa, su fito ta babbar ƙofa, su sauko matakala. Mutumin da ya tsaya a gaban jama'a ya jefar masa da 'ya, a gaban jama'ar nan zai faɗo.

Jaririyar ta girma a hannunsa. Jikalle yake ce mata, in wasa ya motsa ya ce amaryata, ita kuma ta ce, "Wa zai auri tsoho mai warin gam?" Tana tasowa kamannin suna fitowa: gajerun yatsu, faffaɗan goshi, wushirya, sak Tela. Matan coci sukan dube ta, su dubi Tela a kujerar dattawa, su sunkuyar da kai. Ba wanda ya ta da maganar.

Baba Zarto dai yana zaune a bakin shagonsa yana lissafa abin da ke faɗa wa tsallaken titi, yana jin daɗinsa kamar mai tsotsar ɓargo. Ɗan Tela ya zama mashayi a can inda aka tura shi, ɗaya ke nan. Ya yi aure har biyu bai samu haihuwa ba, biyu. Matar Tela ta rasu. Idon Tela ya dushe har ba ya iya zura zare a allura. Kekunan ɗinki huɗu suka koma ɗaya, ɗayan ma tsatsa ta kama shi.

"Allah ba ya barci," yakan ce wa duk wanda ya tsaya. "Ga shi nan yana biyan sa da sannu. Saura nawa."

Lokaci-lokaci yakan hau tsani ya ɗaga buhun, ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa. Da fari suna amsawa da ƙarfi. A hankali sautin ya koma kamar na busasshen duma. Sai ya yi murmushi, ya ce, "Ku ci, 'yan albarka. Ku dai bar mini fatar."

A wannan ɗakin kuma ya jera abin da ya fi ƙauna cikin duk aikinsa: gado, da kabad, da kujeru huɗu na auren Jikalle, daga katako mafi kyau da ya taɓa saya. Ya lulluɓe su da zanen gado suna jiran miji.

Jikalle ta yi karatu ta zama nas. Wata rana ta dawo daga asibiti ta zauna a kan teburin aikinsa, ba ta ko cire takalmi ba.

"Kaka, an kawo Tela ɗakinmu. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace."

"Bakin?" Ya ajiye guduma. "Wane gefe? Kai, Allah gwani! Bakin da ya yi rantsuwar!"

"Ni nake ba shi abinci. In na zo ya kama hannuna ya yi ta kuka. Yau ya yi ta ƙoƙari har ya ce jikata. Kuma yana kiran sunanka."

"Ya kira da kyau. Ki ce masa ina nan, ina jiran sa da tef ɗin awo."

Washegari Fasto ya zo. Saurayi ne a kan Baba Zarto, ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka kafa bencin farko. Ya nemi wuri ya zauna a kan wani guntun gungume.

"Baba, mutumin nan ya faɗa mini gaskiya da ɗan abin da ya rage masa na baki. Ya yi shaidar zur, ya yarda. Ranar Lahadi zan faɗa wa jama'a, mu wanke sunan 'yarka. Abu ɗaya yake roƙo, ka zo."

"Ku wanke sunanta? Za ku tono ta ne ku dawo da ita sahun gaba ta yi waƙa?"

"Ba mai iya wannan, Baba. Amma dubi abin da zunubi ɗaya ya yi wa gidan can. Bai tsaya a kan wanda ya yi shi ba, ya ci ɗa, ya ci mata, ya ci sana'a. Haka yake, ba ya zama inda aka ajiye shi. Kai kuma Ubangiji ya ce ka yafe, ka bar masa hukunci, ka ce a'a. Wannan ma rashin biyayya ne, kuma shi ma yana da abin da yake ci."

"Fasto, ka iya wa'azi, ba laifi. Ni kuma na iya katako. Kowa ya tsaya a shagonsa. Tashi daga kan gungumen nan, zan yi aiki da shi."

Tela ya mutu kafin Lahadin. Ɗansa ya iso, ya rame, idanu jajur. Ya tsaya a bakin shagon, a daidai inda yakan jingina yana saurayi, ya kasa haɗa ido.

"Baba, akwati muke so."

"An gama," in ji Baba Zarto. "Kyauta ma. Amini ne ai."

Ya hau tsani ya sauko da shidan. Ba su da nauyi ko kaɗan, kamar ya ɗauko kwali. A kansu ya zuba duk gwanintar da ya tara. Ya kwaɓa garin katako da gam ya toshe hujin ɗaya bayan ɗaya, ya bi da samfefa a hankali don kada hannu ya burma. Gefuna da murfi ya yi su da lafiyayyen katako, saboda nan ne hannu ke taɓawa. Ruɓaɓɓun ya jera su a gindi. Akwatin kirki yana da katakon tokare uku a ƙasa, bai sa ko ɗaya ba. Inda ake buga doguwar ƙusa ya buga gajera.

Yana cikin kwaɓa fenti Jikalle ta shigo da abincinsa. Ta ajiye kwanon, ta tsaya. Ta durƙusa ta shafi ƙasa, ta murza abin da ya manne a yatsunta. A shagon nan ta yi rarrafe, ta san bambancin garin zarto da garin ƙwaro.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Ƙura ce, amaryata."

"Kar ka ce mini amarya." Ta sa babban yatsa ta danna gindin akwatin, yatsan ya shige har gaɓa. Ta ɗago tana kallonsa. "Tun yaushe kake ajiye da su?"

"Tun kina cikin tsumma. Uwarki ta zauna a bencin baya wata da watanni, kowa na kallonta. Shi minti ɗaya kawai nake so a kalle shi."

"Kakana ne, kamar yadda kake kakana. Ni na rufe masa ido. In ya faɗo, wa kake tsammani za a kalla? Fuskarsa ce a jikina. In ba ka canja gindin nan ba, yanzu zan je in gaya wa Fasto, kuma ba zan ƙara kwana a gidan nan ba."

Ya dube ta, ya ga da gaske take. Sai ya jawo lafiyayyun katako daga jingine, ya shimfiɗa su a kan tebur, ya ɗauko tef ya fara awo.

"Shi ke nan, kin ci nasara. Tafi wurin aikinki, zan canja."

"Ka rantse."

Baba Zarto ya dafa ƙirji. "A gaban Allah da gabanki, zan canja."

Ta yarda, domin bai taɓa rantse mata a kan ƙarya ba. Tana fita ya mayar da lafiyayyun inda suke, ya toshe ramin yatsanta da gam, ya shafa fenti hawa uku. Akwatin ya fito yana ƙyalli, har masu ɗaukarsa suka ce tsohon bai taɓa yin mai kyau kamarsa ba. A mota aka kai shi coci, a kan katifa, Baba Zarto da kansa ya tsaya a kan haka.

Cocin ta cika maƙil. Fasto ya cika alkawari, ya gaya wa jama'a abin da marigayin ya furta, ya ce an zalunci 'Yar Baba, ya roƙi gafara a madadin dattawa. Mata suka yi ta share hawaye. Aka kira Jikalle ta zauna a sahun dangin mamaci, karo na farko a rayuwarta. Baba Zarto bai ji ko rabin maganar ba. Idonsa na kan matakala.

Mutum shida suka ɗauka, ɗan Tela yana gaba ta dama. Mawaƙa suka ta da waƙa. Suka fito ta babbar ƙofa, na gaba suka sauka, akwatin ya karkata, nauyi ya taru wuri ɗaya. Aka ji ƙaras, ba da ƙarfi ba, kamar an taka busasshen ganye. Gindin ya buɗe. Tela ya zubo a kan siminti cikin baƙar kwat ɗinsa, ya mirgina, takalmi ɗaya ya fita, karkataccen bakin yana kallon sama. Farin gari ya tashi ya sauka a kan fuskarsa.

Waƙa ta tsaya cak. Wata mata ta ƙwala ihu.

Daɗin da Baba Zarto ya ji, ba zai yi musunsa ba. Ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa har tsakar ka, kamar ruwan sanyi bayan doguwar tafiya. Abin da ya yi ta hangowa shekara da shekaru ke nan, ya kuwa zo daidai awo.

Sai ya ga Jikalle ta ratsa mutane da gudu. Ta cire ɗankwalinta ta rufe fuskar gawar, ta durƙusa ta tallafi kan a cinyarta, tana kaɗe garin da gajerun yatsunta. Ɗan Tela ya zube kusa da ita yana rusa kuka. Ta ɗago kai ta nemi kakanta cikin taron har ta same shi. Ba ta yi ihu ba. A hankali ta yi maganar, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Ka dafa ƙirji, Kaka. Ka ce a gaban Allah."

Aka kwance ƙofar ɗakin ajiyar coci aka ɗora Tela a kai, a haka aka kai shi maƙabarta. Ƙofar ma Baba Zarto ne ya yi ta, ba ta ko motsa ba.

Majalisar dattawa ba ta daɗe a zaune ba. Suka tambaye shi ko kuskure ne, ya ce shi bai taɓa kuskure a katako ba. Suka tambaye shi ko ya yi nadama, ya ce su tambayi Tela. Aka sa shi a horo.

Jikalle ta nemi canjin wurin aiki zuwa wani gari, aka ba ta. Ranar tafiya ta fito da jaka ɗaya. Ya tare ta a tsakar gida, ya ce ko ba za ta yi masa magana ba, ta tafi da kayanta, nata ne, don ita ya yi. Bai jira amsa ba ya kira masu ɗaukar kaya biyu, ya buɗe ɗakin ajiya, ya yaye zanen gadon.

Gari ne a ƙasa, tuli-tuli, a gindin kowace ƙafa. Mutanen suka kama gadon suka ɗaga, ƙafa biyu suka zauna a inda suke. Ya jawo ƙofar kabad, ta biyo hannunsa. Ya bi kujerun yana dannawa da yatsa, huɗun duka yatsan ya shige. Ya ɗaga kai ya dubi katakon rufi, inda shidan suka yi zamansu, ya ga huji jere kamar an yi ɗinki.

"Baba, wannan ai sai wuta," in ji ɗaya daga cikin masu ɗaukar kayan.

Da ya waiwaya, Jikalle ta riga ta kai bakin titi.

Yana nan har yanzu. Ba mai kawo masa aikin akwati, wani kafinta a ƙasan layi ke yi. Rufin shagon ya tokare shi da sanduna bakwai, kowace safiya ya share gari ya cika cebur. Duk Lahadi shi ne na farkon zuwa, ya zauna a bencin ƙarshe na bakin ƙofa, faranti ya wuce shi. Fasto yakan tsaya bayan an tashi ya ce, "Baba, ƙofa a buɗe take, kalma ɗaya ce." Yakan amsa, "Na dai gan shi a ƙasa, Fasto. Da idona." Daga nan ya shafa bencin da tafin hannu, ya tambaya ko yarinyar ta bugo waya.

Ba ta bugo ba. Bencin kuwa lafiyayyen katako ne, ya sha ƙwanƙwasa shi yana saurare. Zai ɗauki mutum shekaru masu yawa.